Shayin Baba da Jinin Umma

Ranar da likita ta ce jinin Umma bai kai a yi mata aiki ba, mu uku muka shiga ofishinta, amma Baba ne kaɗai ya zaro biro. Ya rubuta lambar a bayan katin asibiti, bakwai da ɗigo tara, ya ja mata layi biyu a ƙasa, yadda ya saba yi wa makin ɗalibin da ya faɗi jarrabawa.

Abin da ke damun Umma ƙari ne a mahaifa. Ya kusa shekara biyu yana zubar mata da jini tana rufa-rufa, sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo da bokiti a hannu sannan muka sani. Likitar, wata gajeriyar mata mai magana a hankali, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ƙarin dai sai an cire shi, amma ita ba ta sa wa mutum wuƙa sai jininsa ya kai goma. Ƙara mata jinin wani kuma ba abin dogaro ba ne a nan, domin jinin Umma irin mai wuyar samu ne, leda ɗayar da za a iya nemo mata ta ranar aikin ce. Ta ba mu rana, mako goma cif. In ranar ta zo jini bai kai ba, a bai wa wata gurbin, mu kuma mu koma ƙarshen layi, wata huɗu ko biyar.

"Wata biyar tana zubar da jini haka?" na ce.

"Shi ya sa nake so ya kai," in ji likita. Ta rubuta maganin rage zubar, ta rubuta ƙwayar ƙarin jini sau biyu a rana. "A ci abinci mai kyau, a sha wannan kullum, ku dawo gwaji bayan mako biyar."

Baba ya gyaɗa kai irin na wanda aka faɗa wa abin da ya riga ya sani. Kuma ya sani ɗin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare kafin ya yi ritaya, kuma duk wanda ya bi ta ajinsa zai gaya maka cewa Malam yana zana kayan cikin mutum tun daga baki har ƙarshe ba tare da ya ɗaga alli daga allo ba. Muna yara ba a barinmu mu ci abinci cikin kwanciyar hankali. Kana kai loma baki zai ce ka tauna sau ashirin, domin yawu ma ma'aikaci ne, a bar shi ya yi aikinsa.

Ni ce auta, kuma ni kaɗai na rage a garin. Shagon ɗinkina a jikin gidan yake, tagarsa tana kallon baranda. Kullum da safe mijina ya sauke ni a ƙofar gida ya wuce wurin aiki, don haka jinyar Umma a kaina ta sauka, yayyena kuwa sai waya da yawan tambaya. Muka raba aikin ni da Baba ba tare da mun zauna mun raba ba. Ni girki, shi magani.

A gidanmu Baba bai san inda gishiri yake ba. Bai taɓa soya ƙwai ba, in ka ba shi tsintsiya zai riƙe ta kamar sandar nuna allo. Abu ɗaya ya iya, shi ne shayi, kuma ba ya barin kowa ya taɓa masa shi. Yana da wata ƙaramar buta mai baƙin gindi da ta girme ni. Ganye cokali uku, a bar shi ya tafasa har ruwan ya yi baƙi, sannan madara, sannan sukari kaɗan. Kofi biyu, nasa fari, na Umma mai ɓallallen hannu. Tun da suka yi aure, shekara talatin da huɗu, bai taɓa fashi ba sai in ba ya gari. Su zauna a baranda, shi da rediyo a cinya, ita tana tsince wani abu a faranti, su sha ba tare da sun yi wata doguwar magana ba. Baba ba mutum ne mai daɗin baki ba. Iyakar wasansa da Umma shi ne ya kira ta Hedimasta, wai duk gidan a ƙarƙashinta muke, har da shi.

Washegarin dawowarmu daga asibiti ya sauko da ƙaramin allon da yake yi wa yaran unguwa darasi da shi a da, ya kafa shi a bangon baranda. Ya ja layuka da abin awona, ya rubuta ranakun mako, ya yi gida biyu, safe da yamma. A gefe ya zana maƙogwaro da tumbi da hanji, ya sa Umma a gaba.

"Hedimasta, ki duba nan. Ƙwayar nan sinadarin ƙarfe ne a cikinta, da shi jiki ke ƙera jini. Za ta sauka nan, ruwan tsamin tumbi ya narkar da ita, ta wuce nan farkon ƙaramin hanji, a nan ne jiki zai tsotse ta. Daga nan sai ɓargo, can ne masana'antar."

"To, Malam, ni dai ka miƙo min in haɗiye," in ji Umma. "Ba jarrabawa zan zauna ba."

"Wa ya gaya miki? Nan da mako biyar akwai jarrabawa."

Ranar farko ta sha ƙwayar da ruwa kafin ta ci komai, zuciyarta ta yi ta tashi har azahar. Baba ya ce shi ke nan, ba za a ƙara sa ƙwaya a cikin da babu komai ba, a haɗa ta da shayin safe, ruwan zafi ma zai taimaka ta narke da wuri. Da yamma kuma, tunda akwai ƙwaya ta biyu, sai ya ƙirƙiro shayin yamma, wanda da babu shi a gidan. Ya ƙara ganye, ya ƙara madara, wai mai jinya tana buƙatar abu mai kauri. Sai ya miƙa mata ƙwaya da hannun dama, kofi da hannun hagu, ya tsaya har ta haɗiye, sannan ya je ya yi alama a allo. Ina kallonsu ta taga ina taka keken ɗinki, har raina ya yi min daɗi. Na ce mace ta samu mai jinya.

Ni kuma na duƙufa a kicin. Hanta, alayyafo, wake, kifi, ƙwai, duk abin da aka ce yana ƙara jini sai da ya bi ta tukunyata. Umma tana ci daidai gwargwado. Amma idon tela ba ya ƙarya a kan launi. Duk bayan kwana biyu sai in ja fatar idonta ƙasa in duba, in ga wurin fari fat, kamar yadin da nake sa wa riga a ciki. Matakala uku ce tsakanin tsakar gida da baranda, in ta hau sai ta dafa bango ta huta. Na yi ta gaya wa kaina cewa jini ba ya zuwa a rana ɗaya.

Mako biyar ya cika, muka koma. Takwas da ɗigo ɗaya.

Likita ta dubi takardar, ta dubi Umma. A waje mutane sun fi hamsin suna jiranta, ana ta leƙo ƙofa.

"Zubar ta ragu?"

"Ta ragu sosai," in ji Umma.

"To da ya kamata mu wuce nan. Tana shan maganin kuwa?"

Baba ya miƙe zaune. Ya ce ƙwaya saba'in, babu wadda aka tsallake, yana da shaida a allo. Likitar ba ta yi gardama da shi ba, ni ta kalla, ta ce da yawa daga cikin iyayenmu sukan riƙe ƙwaya a kumatu su tofar in an juya baya, saboda tana ɗaure ciki. Ta rubuta wani gwajin daban, wanda zai nuna yawan sinadarin da jiki ya ajiye, ta ce mu yi shi cikin makon. Muka fito. Rabin lokaci ya tafi, abin da muka samu ɗigo biyu.

Ni mutum ce mai saurin hawa, ban ɓoye ba. Kuma Umma tana da tarihi. Mun taɓa ɗaga katifarta muka tarar da ƙwayoyin zazzaɓi na wata guda a jere. Muna isa gida, ko mayafi ban cire ba na shiga ɗakinta. Na ɗaga katifa, na zazzage matashi, na buɗe gwangwanin maɓallai, na leƙa bayan madubi. Ban ga komai ba, rashin ganin ma ya ƙara tunzura ni. Da yamma da Baba ya miƙa mata ƙwaya da shayi, na zo na tsaya a kanta.

"Umma, buɗe bakinki in gani."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ɗaga harshen."

Ta buɗe, ta ɗaga. Babu komai. Ta rufe bakinta a hankali ta ajiye kofin.

"Auta, ni na koya miki haɗiye magani, da cokali da zuma. Yau ni kike duba wa baki." Ba ta ɗaga murya ba. "Kina ganin ina son in mutu ne in bar ku?"

Kunya ta rufe ni, amma taurin kai bai bar ni na ba ta haƙuri a lokacin ba. Na koma shago na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Baba kuma ya ɗora laifin a kan ƙwayar, ya ce jabu ce, ya je wani kantin magani ya sayo sabuwa. Ita ma da shayi aka ci gaba da shan ta.

Kwana uku bayan haka muka je ɗakin gwaji. Ɗaki ne ƙarami mai warin sinadarin goge fata, da kujera mai faɗin hannu, da firiji yana gurnani a kusurwa. Mai ɗibar jinin wani dogon mutum ne da furfura ta fara fito masa a gemu. Yana ganin Baba ya miƙe tsaye har ya kusa ture kwalabensa.

"Malam? Ranka ya daɗe, ba ka gane ni ba."

Baba ya sauke tabarau ya ƙare masa kallo. "Dogo. Bencin baya, kusa da taga. Kai ne mai barci bayan tara."

"Ni ne, Malam," ya ce yana dariya, ya rusuna ya gaida Umma.

Ya ɗaure mata dantse, ya laluba jijiya, ya soka allura ba tare da ta ko motsa ba. Yana jiran kwalba ta cika ya duba takardar likita, ya ga lambobin biyu, ya ɗan yamutsa fuska.

"Mako biyar ana shan magani, Mama? Da me kike shan ƙwayar?"

Baba ne ya amsa, da alfaharinsa. Ya ce shi da kansa yake ba ta, safe da yamma, da shayi mai kauri da madara, don kada ta tayar mata da zuciya.

Dogo ya mayar da hankali kan aikinsa. Ya zare allura, ya danna auduga, ya naɗe mata hannu. Ya rubuta lamba a jikin kwalba, ya sa ta a mazauninta, ya gyara mazaunin da ba ya buƙatar gyara. Na ga mutum yana neman hanyar da zai bi ya faɗi magana ba tare da ya taka babba ba.

"Malam," ya ce daga ƙarshe, "ka tuna jarrabawar ƙarshen zango da ka yi mana a aji biyar? Akwai wata tambaya da har yau ban manta ba, saboda ka cire min maki biyu a kanta. Ka ce a kawo abu biyu da in an haɗa su da abinci suke hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe. Na kawo ɗaya, na manta ɗaya. Ka rubuta min amsar da jan biro a gefe."

"Ai tambaya ce mai sauƙi," in ji Baba, muryar aji ta dawo masa nan take. "Madara, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinta. Sai kuma abin nan mai bauri da ke cikin ganyen..."

Ya tsaya. Bakinsa a buɗe, hannunsa a sama da yatsa biyu a miƙe. Firijin nan ya ci gaba da gurnaninsa. Na ga yatsun sun sauko a hankali sun kwanta a kan gwiwarsa.

"Ganyen shayi," ya ƙarasa, can ƙasa.

Dogo ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Ya ce ba lallai shi kaɗai ne sanadi ba, zubar ma tana ci, mu koma mu gaya wa likita. Muka koma a ranar. Likitar ta dafe goshi ta ce laifinta ne da ba ta tambaya ba. Ta ce a sha ƙwayar da ruwa, a bi ta da lemo, domin tsamin lemo yana taimaka wa hanji ya ɗauka. Shayi da madara kuma a ba su tazarar awa biyu. Saura mako huɗu da kwana huɗu, in an dace zai iya kaiwa, amma ba ta yi mana alkawari ba.

A mota Umma ta yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ta ce ashe Malam ma yana faɗuwa jarrabawa. Baba bai yi dariya ba. Muna shiga gida ya ce in ba shi tef ɗin awona. Ya je gaban allo, ya auna inci goma a tef ɗin, ya riƙe tsakanin yatsunsa ya nuna min.

"Kin ga wannan? Ƙaramin hanji ya kai kamu goma sha biyu, amma yawancin sinadarin a ɗan wannan wurin na farko ake ɗaukarsa. Bai kai hannun rigar yaro ba. In ya iso nan a ɗaure da baurin shayi, hanji ba ya iya kama shi, sai ya wuce a banza." Ya miƙo min tef ɗin. "Shekara talatin ina faɗa wa 'ya'yan mutane. Na san shi a allo, ban gan shi a kofi ba. Ƙwaya saba'in da shida, Auta. Da hannuna."

Ya ɗauki tsumma ya goge duk alamomin da ya yi. Sannan ya shiga kicin ya wanke butar nan ciki da waje, ya hau kujera ya ɗora ta can saman kabad, ya tura ta baya inda ba a gani.

Washegari ƙarfe bakwai ya fito da ƙwaya da kofin ruwa da lemo biyu da ya yanka a karkace. Ya tsaya Umma ta sha, ya yi alama a allo, ya shige ɗaki da rediyonsa ya turo ƙofa. Umma ta zauna a baranda ita kaɗai, kujerarsa a gefe babu kowa. Haka aka yi rana ta biyu, haka ta uku. Ba ya haɗa ido da ita. Na lura farantin da nake kai mata yana dawowa da rabi, hantar ma da take so sai ta tsakura ta ture. Tsoro ya kama ni, domin ƙwaya ita kaɗai ba za ta kai mu goma ba in mai shan ta ba ta cin abinci.

Rana ta huɗu na kira ta shago in gwada mata doguwar rigar da nake ɗinka mata ta zaman asibiti, mai maɓallai a gaba. Na durƙusa ina kafa allurai a gindin rigar, kuma da yake ba na kallon fuskarta sai maganar ta fi sauƙin fita.

"Umma, ki yafe min abin da na yi miki. Na ji tsoro ne, sai na huce a kanki."

"Na san tsoro ne," ta ce. Ta dafa kaina. "Ke da ubanki duk ɗaya kuke, in kun tsorata sai ku nemi wanda za ku hukunta. Ke kin hukunta ni, shi yana hukunta kansa. Tashi ki sauko min da butar nan."

Na hau kujera na sauko da ita. Umma ta karɓa, ta hau matakala ukun nan tana dafa bango, da rigar da allurai ke jiki, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Baba. Na tsaya a bakin shago, ba zan ce ban kasa kunne ba.

"Malam, fito. Awa biyu likita ta ce, ba ta ce har abada ba."

Ya buɗe ƙofa, ya ga butar, ya kawar da kai. "Ki bar shi kawai. Abin da ya kusa jawo miki wata biyar na wahala, me za ki yi da shi?"

"Shekara talatin da huɗu muna tare, ka taɓa zama ka gaya min wata magana mai daɗi?"

Baba ya sosa ƙeya.

"Ba ka taɓa ba, kuma ban taɓa nema ba, saboda kullum da safe kana kawo min kofin nan, na san abin da kake nufi. Yanzu ka ɗauke shi ka shige ɗaki. Ni ba jinin kaɗai nake buƙata ba. Kwana uku ke nan abinci ba ya min daɗi."

Ta miƙa masa butar. Ya daɗe yana kallonta kafin ya sa hannu biyu ya karɓa.

A ranar aka sake zana allo. Ƙarfe bakwai ƙwaya da lemo. Ƙarfe tara karin kumallo ya biyo da shayi, ganye cokali ɗaya, madara kaɗan. Shayin yamma aka soke shi, ƙwayar yamma ta koma tafiya da lemo ita ma. Tsakanin bakwai da tara Baba ba ya komawa ɗaki. Yakan zauna a kujerarsa da agogon hannunsa a kan gwiwa, yana ɓare mata lemo, yana samun ƙwarewa a hankali har ya daina yanke yatsa. Tara tana cika ya miƙe ya ɗora buta, ko minti ɗaya ba ya ragewa. Umma ta koma share faranti. Zuciyarta takan ɗan tashi da safe, amma ta ce ta fi son wannan da wata biyar.

A mako na uku na sabon tsarin na ja fatar idonta na ga wurin ya fara ja-ja. Ban gaya wa kowa ba, kada in yi saurin murna. Wata safiya kuma ina taka keke na ga ta hau matakala ukun da tire a hannu, ba ta dafa komai ba, ita kanta ba ta lura ba. Baba ya lura. Ya dube ni ta taga, na dube shi, kowa ya koma kan abin da yake yi.

Kwana biyu kafin ranar aiki muka koma wurin Dogo. Ya ɗebi jini ya ce mu jira a benci. Minti arba'in ɗin da muka yi muna jira Baba bai zauna ba, ya karanta duk takardun da ke manne a bango har da ta hana tofar da yawu. Dogo ya fito da takarda a hannu, bai ba ni ba, bai ba Umma ba, Baba ya miƙa wa da hannu biyu.

Goma da ɗigo biyu.

Umma ta ce alhamdulillahi, ta rufe fuska da mayafi. Ni na rungume ta. Baba ya karanta lambar sau biyu, ya laluba aljihu ya zaro jan biro, ya kama hannun Dogo ya rubuta masa biyu a tafin hannu.

"Ga makinka na mayar maka. Kai ɗaya ka manta, ni duka biyun na manta."

An yi aikin ranar da aka sa, aka cire ƙarin, ledar jinin nan ma ba a taɓa ta ba. Rana ta uku aka ce Umma tana iya ci da sha, aka mayar da ita kan ƙwayarta. Ina zaune a gefen gado ina gyara mata matashi sai ga Baba ya shigo, ƙarfe tara da minti ashirin, da fulas a hammata da kofin nan mai ɓallallen hannu a leda. Umma tana ganinsa ta miƙa hannu.

Bai ba ta ba. Ya juya ya nemi nas ɗin da ke duba gadon kusa, ya tambaye ta cikin ladabi ƙarfe nawa aka ba wannan baiwar Allah ƙwayarta. Nas ta duba kati ta ce takwas daidai. Baba ya kalli agogo.

"Saura minti arba'in, Hedimasta."

Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora fulas a cinya ya rungume shi. Babu rediyo, babu lemon ɓarewa, ya rasa inda zai sa idonsa. Umma ta juyo da kai a kan matashi tana kallonsa.

"To, kafin nan ka yi min magana."

Baba ya yi gyaran murya. Ya dubi silin, ya dubi fulas, ya sake gyaran murya. 

"Abinci in ya shiga baki," ya ce, "haƙora ne ke fara aiki, sannan yawu..."

Umma ta dafe wurin ɗinkin da hannu ɗaya tana dariya a hankali don kada ya yi mata zafi, hawaye na bin gefen idonta. Ɗaya hannun ta miƙa ta ɗora a kan nasa, a jikin fulas ɗin.

"Ci gaba, Malam," ta ce. "Ina jin ka."

Na ɗauki jakata na fita baranda na ba su wuri. Ta bayan ƙofa ina jin muryarsa, ya kai maƙogwaro, yana gangarawa tumbi a hankali.